Ja da Fari

Na durƙusa a bayan akwatin sauti,
tocila a baki, gwiwa a kan siminti.
Ramuka goma sha ɗaya suna kallona,
kowanne da irin abin da yake haɗiya.

Jiya a Sabon Gari, layin masu wayoyi,
Barau ya shimfiɗa mini biyu a kan gilashi.
"Wannan zare ne, haske ke bi ta cikinsa.
Bai san ƙugi ba, bai san shuu ba.
Lasifika biyar, kowacce da rabonta,
jirgi zai taso ta bayan ƙeyarka
har sai ka sunkuya."
Ɗayar kuwa da farce ya turo ta:
"Ja da fari. Ta zamanin su baba.
In ka sayi waccan, wannan gyara ce."

Tara saura aka kawo wuta Gyallesu.
Na cusa mai hasken, bakinta da ɗigon ja
kamar kan turaren tsinke.
Barau bai yi ƙarya ba.
Ruwan cikin fim ya sauko kusurwa huɗu na falo,
Uwani ta ruga tsakar gida kwashe shanya,
ta dawo a bushe tana harararmu.
Muka yi dariya har uwarta ta ƙware.

Da suka kwanta ne na jawo jakar ƙarƙashin gado.
Kaset ɗaya, rubutun biro ya koɗe.
Tanimu ne ya ɗauka a ɓoye,
shekarar da muka bar Tudun Wada.
Rikodar nan ba ta da ƙofar haske,
ramuka biyu gare ta tak,
ɗaya ja, ɗaya fari.

Sai na laluba leda na ciro gyarar Barau.

Shuuu.
Sannan taɓarya. Sannan zakara.
Can nesa jirgin ƙasa yana kukan isowa tasha.
Sannan ita:
"Wa ya bar akuyar nan ta shiga dawa?
Shekarau! Ba da kai nake ba?"
Shekara talatin da ɗoriya,
sai da na amsa.

Na sani, ba tsafi a jikin waya.
Na koyar da lissafi har na yi ritaya,
na san mai haske ƙirga murya take yi,
ta auna ta mudu-mudu, ta kai ba tsakuwa.
Ja-da-fari kuwa lambatun fadama ce,
yadda ruwan Kubanni ya shigo haka take kai shi,
da yashinsa, da ganyensa.

Amma ga abin da na lura:
ka lanƙwasa mai haske, ɗif, sai shiru,
ba sallama, ba sai an jima.
Ita wannan tsufa take yi irin namu.
Bakinta ya yi tsatsa, ka murza,
murya ta dawo ta kunne ɗaya,
ta dishe, ta yi tari, ta ci gaba da magana.

Ban ji buɗe ƙofa ba.
Uwani ce tsaye, zane a kafaɗa.
"Baba, wace ce ke faɗa a gidanmu?"
Na ce, "Mai sunanki."
Ta zauna kusa da lasifikar hagu,
inda dariyar ta fi fitowa,
ta ce in mayar baya.
Na mayar. Na sake mayarwa.

Da safe Barau ya bugo:
"Malam, wacce ka bari?"
Na leƙa bayan akwatin.
Suna nan kafaɗa da kafaɗa,
ɗaya tana kawo ruwan da ba ya jiƙa kowa,
ɗaya tana kawo wanda ya jiƙa mini gemu.
Na ce masa ramukan da yawa,
ya ajiye mini wata ja-da-fari
kafin su daina zuwa kasuwa.